Ranar da Muntaka Ya Duba Fulin Motar Hajo

Muntaka ya tafi Maraɗi ci-rani, ya dawo Sabon Birni bakanike. Haka dai ya faɗa wa mutanen shiyyarsu. Waɗanda suka gan shi can sun ce aikinsa a garejin bai wuce wankin mota da ɗebo ruwa ba, amma su ba su dawo da komai a hannu ba, shi kuwa ya dawo da shuɗiyar rigar aiki mai haɗe da wando, wadda ta yi masa yawa har sai ya naɗe ƙafafunta, da akwatin ƙarfe cike da sifana, da wata kalma da ya tsinto a bakin masu Faransanci. Kalmar ita ce "wala", wato "ga shi nan". Yakan faɗe ta in ya gama aiki, yakan faɗe ta in ya ɓata aiki, muryar kuma iri ɗaya ce.

Da injin markaɗen matarsa Saudatu ya fara. Ya kwance shi ya mayar, aka sami ragowar ƙusoshi rabin kwano. Ya ce masu ƙera injin ne suka yi almubazzaranci. Tun daga ranar Saudatu take kai tattasanta maƙwabta. Bayan nan ya sa aka rubuta masa allo, ya kafa a ƙofar gida: Garejin Injiniya Muntaka, Ƙwararre Daga Waje. Awaki suka ji daɗin inuwar allon. Mota kuwa ko da ɓatan hanya ba ta taɓa tsayawa ba.

Mota ɗaya ce a duk layin, tsohuwar akori-kurar yayarsa Hajo. Hajo bazawara ce mai sana'ar ƙanƙara da soɓo, mace mai faɗin kafaɗa da gajeren haƙuri, ita ta goyi Muntaka bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da wannan mota take ci da marayunta. Direbanta Is'haƙa mutum ne mai sanyin magana, wanda ke lallaɓa motar kamar tsohuwar kakarsa. Hajo ta riga ta yi wa ƙanenta iyaka: zai iya jingina da motar in ya gaji da tsayuwa, amma hannunsa kada ya wuce bonet.

Ana cikin tsananin bazara aka sa ranar babbar kokawa a Tozai, can ƙasar Isa. Hajo ta yi kwanaki tana tara ƙanƙara, ta kuma sa an kama mata wuri a bakin fili, kusa da rumfar makaɗa inda jama'a ke cunkushewa. Da hantsi aka loda manyan sandunan ƙanƙara a bayan mota, aka lulluɓe su da ƙaiƙayi da buhuna. Saura jarkokin soɓo kawai. So take su je su sayar su juyo da sauran rana, don ba mai son duhu ya same shi a wannan hanya.

Is'haƙa ya tayar da mota don ta ɗumama. Sai aka ji wata ƙara daga gaban injin, ƙwar-ƙwar-ƙwar, ta tafi ta dawo.

"Hajiya, tun jiya nika jin wagga ƙara," in ji shi. "In mun kai Isa za ni tsaya a leƙa muna."

Muntaka na zaune a bencin Dalhatu mai shayi, wanda teburinsa ke ƙarƙashin dogon-yaro gaban gidan Hajo. Ya ajiye kofi. Ya tashi a hankali, ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"Ku yi shiru. Mota na magana."

"Mi tac ce?" in ji Dalhatu.

"Cewa tay yi ba ta kai Isa. Yaya, ko Gangara ba ku wucewa. Babban fuli na yaz zame."

"Wane fuli?" in ji Hajo.

Abin da Muntaka ke jira ke nan tun dawowarsa. Ya ɗauki faifai daga teburin shayi, ya yi bayani. A can ƙasan gaban injin akwai wani ƙarfe mai kama da faifai, shi ke juya fambel. Ƙarfe biyu ne, na ciki da zoben waje, da roba a tsakaninsu tana riƙe su. In robar ta mutu, zoben sai ya dinga zamewa. Har nan gaskiya ya faɗa, don ya taɓa jin maigidansa na Maraɗi yana yi wa wani bayani. Daga nan ya ci gaba da nasa.

"Ran da yab balle, Yaya, ta bonet shika hita. Ni da idona nig ga wanda yat tashi sama a hanyar Damagaram, sai da anka yi sallar azahar sannan yas sauko."

"Kan wa yas sauka?" in ji Dalhatu.

"Kan raƙumi."

Hajo ba ta yarda da raƙumin ba. Amma ta hango kanta a tsakiyar daji da mota a mace, ƙanƙara na tsiyaya, rana na faɗuwa. Ta dubi Is'haƙa. Shi kuma ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi tuƙi ya sani, cikin injin sai masu shi.

"Dubawa kaɗai za ni yi," in ji Muntaka. "Ko ƙusa guda ba ni taɓawa. Da alli aka yin shi."

"Da alli," in ji Hajo. "To. Za ni shiga in ɗura soɓo. Kahin in hito ka rufe bonet ɗin ga. In nih hito nit tarar da sifana hannunka, da ita za ni auna maka kai."

Ta shige gida. Muntaka ya ruga ya ɗauko akwatinsa, ya kuma tsaya a tsakiyar layi ya sanar da masu wucewa cewa za a yi aikin injiniya, kallo kyauta ne. Mata masu dawowa daga rijiyar bakin masallaci suka sauke bokitai. Tsofaffin da ke dara suka bar wasan. Saudatu ta taka turmi ta leƙo ta kan katanga.

Yadda ake wannan gwaji ba wuya. Ana jan layin alli a fuskar fulin, daga ƙarfen ciki ya haye roba zuwa zoben waje. A tayar da injin, a kashe, a duba. In layin ya rabu biyu, zoben ya zame. Muntaka ya taɓa ganin an yi, amma daga nesa, da bokiti a kansa. Saboda haka ya zura hannu ya ja layinsa daga zoben waje zuwa jikin injin, wanda tun da aka ƙera shi bai taɓa motsawa daga inda yake ba.

"Is'haƙa, tayar. Kashe."

Ya leƙa. Rabin layin na jikin injin yana nan inda ya bar shi. Ɗaya rabin ya koma can ƙasa.

"Wala," in ji Muntaka. "Ku matso ku gani. Ya zame da taƙi guda."

Jama'a suka matso, suka leƙa, suka girgiza kai. Wani tsoho ya ce lalle ilimi a waje yake. Aka sake tayarwa aka kashe. Wannan karon layin ya tsaya ta hagu.

"Kun gani? Ciwon gaba shika yi."

Is'haƙa ya fito ya leƙa shi ma. Ya sosa ƙeya. "Muntaka, ba wai na sani ba hwa. Amma wanga abu ba juyawa shika yi ba dama?"

"Juyawa dabam, zamewa dabam."

"To ya aka gane bambanci?"

"A Maraɗi aka gane shi."

Saudatu ta yi magana daga kan katanga. "Malam, in nis sa alli ga taɓarya nis sa ga turmi, niy yi daka, sai a ce taɓarya ta zame?"

"Ke, shiga ciki. Wa yas sa mata cikin maganar injin?"

"Injina na cikin kwano, shi yas sa ni."

Aka yi dariya. Muntaka ya yi kamar bai ji ba, ya sa aka sake tayarwa. Da aka kashe, cikin ikon Allah fulin ya tsaya daidai inda ya faro. Layin ya haɗu tsaf kamar ba a taɓa raba shi ba. Muntaka ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe hannu.

"Ya koma. Wani lokaci in yaj ji hannun gwani sai shi koma da kainai."

"Alhamdu lillahi," in ji Is'haƙa da sauri, ya kama bonet zai rufe.

Da an rufe a nan, da Muntaka ya ci shayi kyauta har damina. Amma daidai lokacin wasu 'yan kasuwa suka iso suna tambayar me ake kallo, shi kuma bai ga dalilin da zai sa su tafi ba su ga gwaninta ba.

"Dakata. Tayar sau guda, baƙi su shaida."

Aka tayar aka kashe. Layin ya tafi inda ba a ma ganinsa.

"Ya sake," in ji Dalhatu. "Ko hannun gwanin na yas sake?"

Muntaka ya sunkuya. Ya buɗe akwati. "Irin wanga ba shi jin lallashi. Sai an hid da shi. Amma tukuna sai na cire kurwa tata."

Tsofaffin suka ja da baya. Wata mata ta janye ɗiyarta ta tofa mata addu'a.

"Kurwa?" in ji Dalhatu. "Kanikanci kat tahi koyo ko maita?"

"Fambel nika nuhi. Can kurwa aka ce mashi."

"To ka riƙa ce mashi fambel nan, kahin a tara maka gari."

Is'haƙa ya tuna masa maganar Hajo game da sifana. Muntaka ya ce ai ba ta ce komai game da wuƙa ba. Fambel ɗin ya ƙi fita ta lalama, sai ya ari wuƙar yankan burodin Dalhatu ya datse shi. Ya ce kada kowa ya damu, baduku zai ɗinke shi ya fi sabo ƙarfi.

Yanzu ga fuli a fili, amma hannu ba ya kai wa babbar ƙusar da ke tsakiyarsa, lagireto ya tare. Muntaka ya tsuguna ya ja robar ƙasan lagireton. Ruwan, wanda yawan tayarwa da kashewa ya tafasa, ya kwararo cikin naɗin ƙafar rigarsa. Ya yi tsalle, ya taka rawa da ƙafa ɗaya har bakin teburin shayi, ya tsoma ƙafar cikin bokitin wankin kofuna.

"Wala," ya ce da ƙaramar murya.

"Wanga ma cikin aikin shike?" in ji Dalhatu.

"Gwajin zahin ruwa na. Ruwan lahiya lau."

Is'haƙa ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Ya nufi cikin gida kiran Hajo, amma ya tsaya a zaure yana ta sallama, don ba ya shiga gidan mata kai tsaye, ita kuwa tana can ƙurya injin janareto na ruri ba ta ji. A waje rana ta take. Daga bayan mota ruwa ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, har ya yi 'yar hanya a ƙasa. Agwagwar maƙwabta ta zo da 'ya'yanta suka kama wanka.

Muntaka ya ciro lagireto ya jingina da bango. Ya sa babbar sifana a kan ƙusar ya ja. Injin ya juya tare da ita. Ya sake ja, ya sake juyawa. Sai ya shiga mota ya saka ta a giya don ta tsaya cak. Ya dawo ya ja har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ya hau kan sifanar da ƙafa. Ya kira wani ƙato mai faskare ya ja, shi ma ya ja ya haƙura.

"Akwai dabara," in ji Muntaka yana haki. "Wagga ko a Maraɗi ba kowa aka nuna ma ita ba. Sai amintattu."

Dabarar ita ce a tokare sifanar da ƙarfen jikin mota, a ɗan taɓa makulli, ƙarfin injin da kansa ya kwance ƙusar. Ya tokare. Ya ce kowa ya matsa. Bai ga amfanin shiga ciki ya zauna ba, tunda taɓawa kawai zai yi. Ya zura rabin jikinsa ta taga, ya murɗa makulli. Giyar da ya saka kuwa ta riga ta fita daga kansa.

Aka ji ƙau, ƙusar ta saki, sifana ta yi tsalle ta faɗa kwata. Motar kuma ta yi zillo, injin ya kama, ta taho gaba da Muntaka rataye a taga, ƙafafunsa na harbin iska, takalminsa ɗaya ya tsaya a baya. Jama'a suka watse. Dalhatu ya rungumi butar shayi ya tsallake benci. Motar ta bi ta kan bencin, ta ture tebur, gwangwanayen madara suka gangara kowanne ya kama gabansa, sannan ta sa goshi a jikin dogon-yaro ta mutu.

Ƙofar baya ta ɓalle. Sandunan ƙanƙara suka sulalo ɗaya bayan ɗaya suka zube cikin rairayi mai zafi.

Wani abu kuma ya faɗo daga gaban injin, ya yi ƙara a kan dutse.

A wannan hali Hajo ta fito, jarka a kowane hannu, Is'haƙa na bayanta. Ta dubi ƙanƙararta a ƙasa. Ta dubi lagireto a jingine da bango, da fambel a yashe kamar mataccen maciji, da ƙafafun ƙanenta a taga. Ta ajiye jarkokin a hankali. Waɗanda suka san ta suka ƙara ja da baya.

"Muntaka."

"Na'am, Yaya." Muryar daga ƙarƙashin sitiyari ta fito.

"Wanga duk alli yay yi shi?"

Ya zamo daga taga ya dira. Idonsa ya faɗa kan abin da ya faɗo daga injin, wani dogon ƙarfe baƙi ƙirin da mai, a lanƙwashe. Ya yi wuf ya ɗauka ya ɗaga sama.

"Yaya, gode ma Allah. Kin ga wanga? Shi na madaidaicin fuli. Da ba a buɗe ba, da ya kashe ku a hanya. Ko a Sakkwato ba a samun irinai, sai Kwatano."

Dalhatu ya matso, buta har yanzu a ƙirjinsa. Ya karɓi ƙarfen, ya goge da gefen riga. "Cokalina na."

"Kama dai yay yi."

"Ga zaren da niɗ ɗaura mashi nan. Cokalin da nika motsa madara na. Tun shekaranjiya nika nemanai, har niz zargi mai nono."

Is'haƙa ya dafe baki. Ya ce shekaranjiya da yake zuba ruwa a lagireto ya karɓi shayi ya sha a tsaye, ya ajiye cokalin a gefen injin, aka kira shi, ya rufe bonet. Cokalin ya faɗa bayan fanka, in injin ya girgiza sai ya dinga taɓa ta. Ƙarar ke nan.

"Ke nan fulin lahiya tai lau," in ji Hajo.

"Ba a ce ba, Yaya. Ana iya samun ciwo biyu ga mutum guda."

"Ana iyawa. Kai ma yanzu za ka samu. Mai da mani komi inda kas same shi."

Aka tura motar baya daga jikin itacen. Muntaka ya leƙa. Ƙusar ta kwance, fulin ya ɗan fito daga mazauninsa ya karkace. Ya tura da hannu, ya ƙi. Ya buga da dunƙule, ya yarfa hannu. Ya juya wajen katanga.

"Saudatu, miƙo taɓarya."

"Ta daka ko ta kirɓi?"

"Babbar."

Ta miƙo, tana cewa a shaida ita ba ta ba da shawara ba. Muntaka ya gyara tsayuwa, ya tofa yawu a tafi, ya auna. Maimakon ya daki tsakiya, sai ya sami gefen zoben. Bugu na farko fulin ya ƙara karkacewa. Na biyu ya koma ɗaya gefen. Ya ce saura kaɗan. Ya ja da baya, ya taho da gudu ya saki na ƙarshe da duk ƙarfinsa.

Robar da ta riƙe ƙarfen nan biyu tun kafin a yaye Muntaka ta yage. Zoben waje ya fita fit, ya daki ƙasa, ya miƙe a kan gefensa ya kama gudu. Layin gangare ne. Ya bi ta tsakanin ƙafafun mai faskare, ya watsa agwagi, ya tsallake kwata. Muntaka ya bi shi da takalmi ɗaya, ƙafar riga ta warware tana jan ƙasa, jama'a suka bi Muntaka. Zoben ya sha kwanar masallaci kamar wanda aka aika, ya hau dakalin rijiya, ya ɗan yi rawa a baki, ya faɗa. Sai da aka ɗan jima aka ji tsulum.

Kowa ya yi cirko-cirko yana leƙen rijiya. Muntaka ya dafa gwiwa yana mayar da numfashi. Da ya ɗago sai ya dubi taron.

"To, wa yac ce bai zame ba?"

Ladan, wanda ya fito alwala, ya ce shi bai san fuli ba, amma ya san wanda zai shiga rijiyar nan ya fito da baƙin mai kafin Juma'a. Matan da ke ɗiban ruwa suka ce sun ji sun kuma shaida.

Da aka dawo gindin dogon-yaro, Hajo ta nufi wajen ƙanƙararta. Tozai dai ta wuce ta, wurin da aka kama mata wani zai zauna. Ta sa aka tsince abin da ya rage na ƙanƙarar, wadda yanzu kowace sanda ta rame ta koma kamar sabulun wanka, aka ɗauraye, aka farfasa cikin baho, ta juye soɓo a kai. Taron da ya sha gudu cikin rana ya yi layi. Rabin kayan ya riga ya bi rairayi, amma abin da ya saura bai kwana ba. Muntaka ya miƙo hannu shi ma. Ta dube shi. Ya mayar da hannun aljihu.

Dalhatu na harhaɗa ƙafafun bencinsa yana cewa daga yau in Muntaka zai sha shayi, daga tsallaken titi zai miƙo kofi.

Saura yadda za a kai motar wurin kanikawan bakin tasha, can ɗaya gefen gari. Sai ga Baffa Amiru, wani dattijon Bafillace da ke kawo itace gari, ya sauke kaya zai koma da amalankensa da bijimai biyu. Hajo ta gaishe shi ta faɗa masa bukata. Ya zagaya motar, ya leƙa cikin injin, ya dubi lagireto da aka ɗora a baya.

"Hajo, kura ta tah hwaɗa mata?"

"Ƙanena na, Baffa."

"Allah shi kyauta. Kura ta kan bar ƙashi."

Ya kwance bijiman daga amalanke ya ɗaura su a gaban motar da igiya. Is'haƙa ya ce shi kam ba zai zauna a sitiyari shanu na jan sa ta tsakiyar kasuwa ba, yana da surukai a can. Hajo ta ce dama ba shi ta nufa ba. Ta buɗe ƙofar direba ta nuna wa Muntaka. Ita kuma ta zagaya ta zauna kusa da shi, taɓaryar Saudatu a kan cinyarta.

Haka suka ratsa Sabon Birni ranar da kasuwa ke ci. Baffa Amiru a gaba da sanda a kafaɗa yana yi wa bijimansa magana da Fillanci, bijiman na tafiya yadda suka ga dama, suna tsayawa su shinshina ganyen masu rake. Mahauta suka fito bakin rumfa. Masu babura suka jera a baya suna busa ham. Tun ana tambayar me ya faru har aka daina, don labarin ya riga motar isa kowace kwana.

Da farko Muntaka ya sunkuyar da kai. Amma ba a yi nisa ba ya ga duk idon kasuwa a kansa yake, abin da bai taɓa samu ba. Ya gyara zama. Ya fitar da gwiwar hannu ta taga. Ya fara ɗaga wa mutane hannu.

"Gwaji muka yi," yake ce wa duk wanda suka haɗa ido. "Sabon tsari na. Ba ta shan mai ko ɗigo."

Sun kusa fita kasuwa sai ga wani saurayi baƙo a gefen hanya, ya tsuguna gaban babur ɗinsa da buhunan albasa a ɗaure, yana ta taka shi ya ƙi tashi. Muntaka ya karkata kai. Ya lumshe ido. Ya ɗaga yatsa.

"Baffa, ja birki. Na ji ciwon wanga babur tun daga nan."

Ya kai hannu zai buɗe ƙofa. Hajo ta cafke wuyan shuɗiyar rigar ta baya, ta nannaɗe a hannunta. Ta leƙa ta kan kafaɗarsa ta kira saurayin.

"Ɗan nan, kana da uwa da rai?"

"Ina da, Inna."

"To don darajarta, tura babur ɗinka ka bar wurin ga."

Saurayin ya dubi bijimai, ya dubi motar da ba lagireto, ya dubi mutumin da ke yi masa murmushi ta taga da alli a maƙale a kunne. Bai tambayi dalili ba. Ya kama ƙahon babur ya tura, da albasa da komai, ya shige lungun masu tukwane da gudu, bai waiwayo ba.